Malam, Ni Ma Ta Taɓa Faruwa Da Ni

Wallahi Malam, da na karanta cewa ka dafa kafaɗar ɗalibarka tana kukan rasuwar mahaifiyarta, yanzu kuma ana ta ƙus-ƙus a ofishin malamai, sai ka fama mini tsohon miki.

Ina shekara ta huɗu da fara koyarwa wata 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare ta yanke jiki ta faɗi a filin taron safe. Malamai mata suna can nesa, ban tsaya wani tunani ba na sungume ta zuwa inuwa. Laifina ke nan fa. Abokin aikina da muke cin abinci kwano ɗaya, wanda na ranta wa kuɗin haya har yau bai biya ba, shi ya kai maganar unguwarsu ya ƙara mata gishiri. Washegari uban yarinyar ya zo da ƙannensa biyu, a gaban ɗalibaina ya kira ni ɗan iska. Shugaban makaranta da abin ya faru a kan idonsa sai cewa ya yi in ba da haƙuri. Haƙurin me? Matata a gidan suna ta ji labarin. Shi kuwa abokin aikin nan nawa har gobe in mun haɗu miƙo mini hannu yake yana murmushi.

Tun daga ranar, yarinyar da ta fara tasawa ko littafi a kan tebur nake cewa ta ajiye. Ta faɗi ko tana kuka, malama nake kira, in babu in sa ƙawayenta su kama ta, ni ina tsaye ina ba da umarni. Ƙofar ofis a buɗe, kuma kada ka yarda da lesin kai da ita kaɗai. Lambar waya ma ta iyaye nake karɓa. Su ma iyayen ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, akwai ɓata-gari a cikinmu, kowa ya sani. Kuma a dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, ma tana iya soke rajistar malami. Bulala ma na ajiye ta, ba don suna jin magana ba.

Gobe da safe ka riga su zuwa wurin shugaban makaranta, ka faɗa masa da bakinka a gaban wata malama babba, ka sa a rubuta. Ni abin da ban yi ba ke nan.