Wane Ne Ɗan Farfaganda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama ta ɓarke a majalisarmu da ke Jekadafari bayan da wani ya kira abokinmu "ɗan farfaganda" saboda yana kare ɗan takararsu a gidan rediyo. Abokin ya ce zagi ne, wanda ya faɗa kuma ya ce sunan sana'a ne kawai. Mene ne asalin kalmar, kuma wa ya cancanci a kira da ita?
Daga wani malamin makaranta, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hausa ta ari "farfaganda" daga Ingilishi, tushenta kuwa yana cikin Latin, inda yake nufin yaɗawa. A shekarar 1622 Fafaroma Gregory na 15 ya kafa wata majalisa a birnin Rum domin yaɗa addinin Kirista, kuma daga sunan majalisar ne kalmar ta bazu, ba tare da wani aibu ba. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 20 ne suka jawo mata baƙin jini, musamman bayan da Hitler ya naɗa Joseph Goebbels ministan farfaganda na Jamus a 1933. A Hausa muna cewa ɗan farfaganda, 'yar farfaganda, 'yan farfaganda.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar ɗan farfaganda a matsayin maƙaryaci kawai. Sau da yawa gaskiya yake faɗa, amma rabinta: zai nuna maka titin da aka shimfiɗa wa kwalta, ya yi shiru kan asibitin da babu magani, sannan ya yi ta nanata zancen safe da yamma har ya zauna a zukatan jama'a tamkar shi ne dukan labarin. Wannan ne ya sa nake ganin ya fi mai jita-jita haɗari, domin shi mai jita-jita ji ya yi ya faɗa, ba shi da tsari. Mai yarfe ƙage yake yi don ɓata sunan wani, kakaki kuwa kowa ya san da yawun wa yake magana.

Saboda haka abokinku yana da hujjar jin haushi, domin a Hausar yau kalmar zargi ce, tana nuna mutum yana karkatar da tunanin jama'a da gangan. Idan a fili yake kare gwaninsa kuma ba ya ɓoye ɓangarensa, sunan da 'yan siyasa suka saba ba irinsa shi ne "sojan baka", kuma da shi ya kamata majalisarku ta kira shi.