Dizal ya zube a gona, rijiya kuma tana kusa

Tambaya: Ina noman rani a yankin Kura. Durom ɗin dizal da nake ajiyewa kusa da injin ban ruwa ya tsage cikin dare, kusan rabinsa ya tsiyaye. Yarana sun ce mu sakar wa wurin ruwa ya wanke. Mu yi hakan?

Amsa: Malam, don Allah kada ku saki ruwan nan. Dizal ba ya narkewa a ruwa yadda gishiri yake yi, ruwan zai tura shi ƙasa ne kawai, ga shi a fadama ruwan ƙasa ba shi da nisa. Zuba omo ya fi muni, domin yana farfasa man ya sauƙaƙa masa gangarawa. Kada kuma a cinna wuta: saman ne zai ƙone, wanda ya nutse yana nan, takin ƙasarka kuma ya tafi a banza.

Yau ɗin nan a tare wurin da kunya don kada ya bi kwata. Man da ke kwance a sama a zuba masa ɓuntun shinkafa ko garin katako ya tsotse, a kwashe. Sai a sa shebur a haƙe duk ƙasar da ta jiƙe, a ci gaba da haƙa har inda wari ya ƙare. Ƙasar rairayi takan sha mai da sauri, don haka a nan za ku yi zurfi fiye da mai laka. Idan kana shakka, ɗebi ƙasar gindin ramin ka zuba a kwalbar ruwa ka girgiza. In ka ga wani maiƙo mai launin bakan gizo ya taso, da sauran haƙa.

Tambaya: To ƙasar da aka haƙe fa, zubar da ita za a yi?

Amsa: A'a, tana gyaruwa, kuma wannan ne ɓangaren da nake so manoma su riƙe. A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani waɗanda ke cin dizal, abin da suke nema iska ce da danshi da taki. Nemi tudu nesa da rijiya da hanyar ruwa, ka shimfiɗa tamfol, ka baza ƙasar a kai, kaurinta kada ya wuce santimita 30. Cakuɗa ta da ruɓaɓɓen kashin kaji ko takin shanu, da ɗan ɓuntu don ta yi sako-sako. Yayyafa ruwa daidai yadda in ka dunƙula za ta kama amma ba ta ɗiga. Duk mako a juya ta da fartanya. Zafin ƙasarmu yana taimakawa ƙwarai, amma aikin watanni ne, musamman in man ya yi yawa. Da damina a rufe ta da leda, a kuma hana kaji da awaki zuwa wurin.

Kafin ka mayar da ita gona, shuka masara a tukunya biyu, ɗaya da wannan ƙasa, ɗaya da lafiyayya. In tsironsu ya zo ɗaya, kuma babu wari, an kusa. Ni dai a kakar farko ba zan sa karas ko albasa ko latas a wurin ba.

Tambaya: Rijiyar gidanmu ta fara warin dizal bayan tankin janaretan maƙwabcinmu ya yi yoyo. Ina tafasa ruwan kafin yara su sha. Ya isa?

Amsa: Hajiya, bai isa ba. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta tsabtace ruwa daga mai, alif ma haka. Ku daina sha da girki da shi, dabbobi ma kada a ba su. A fara da toshe yoyon da haƙe ƙasar gindin tankin, in ba haka ba kowane ruwan sama sabon mai zai kawo muku. Yashe rijiya sau ɗaya ba ya magani, kuma yawan jan ruwa da inji yana iya jawo man daga nesa zuwa gare ku. Kada kowa ya shiga rijiyar, tururin man yana sumar da mutum a ƙasa.

Wannan ya wuce aikin gida. Ku kai rahoto ma'aikatar muhalli ta jiha, akwai kuma hukumar NOSDRA da aka kafa a 2006 don lamuran malalar mai. A kai ruwan ɗakin gwaji, sakamakon ne zai ce a koma sha, ba hanci ba. Ina matsa muku ne saboda abin da binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano a ƙasar Ogoni ta jihar Ribas: a garin Ogale an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan da rijiyoyin mutane ke ja, rahoton kuma ya ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ku sanar da sauran maƙwabta masu rijiya su ma a gwada nasu, musamman waɗanda ke gangare da tankin.