Me ya sa wayar ekstenshan ke zafi in an jona hita?

Tambaya: Malam, ina da ekstenshan da nake cajin waya da kunna fitila da shi, bai taɓa ba ni matsala ba. Amma duk ranar da na jona hitar dafa ruwa, sai wayarsa ta ɗau zafi har robar ta yi laushi. Ba wuta ɗaya ce ba? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, wutar ɗaya ce, cin kowane kaya ne ya bambanta. Wutar gida a Najeriya tana zuwa da ƙarfin turi na bolt 230. Yawan lantarkin da ke bi ta cikin waya kuwa da amfiya ake auna shi, kuma lissafinsa ba wuya: a raba wat ɗin da ke rubuce a jikin kayan da 230. Kwan fitila mai wat 10 bai kai kashi ɗaya cikin 20 na amfiya ba. Hita mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, ninki 200 na abin da kwan fitilar ke ja ke nan.

To, babu wayar da ke barin lantarki ya wuce salin-alin. Kowace tana da turjiya, wadda ake aunawa da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm da ya bayyana ƙa'idarta a 1827. Ki duba yadda jama'a ke fitowa daga masallacin Juma'a ta ƙaramar ƙofa, ana gogayya ana gumi. Haka siririyar waya take, kuma in ta yi tsawo turjiyar ƙaruwa take yi. Gogayyar ce ke zama zafi.

Ga inda gizo ke saƙa: in lantarkin ya ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Saboda haka zafin da hitarki ke tarawa a wayar ya ninka na kwan fitila sau 40,000.

Ƙari a kan haka, wasu wayoyin masu araha alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe, alhali bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen wuce da wuta ba. Masu gyaran wuta kan kankare silin da wuƙa, in fari ya bayyana sun gane.

Robar da ta fara laushi ta gama aiki, ki ajiye ekstenshan ɗin nan. Hita da dutsen guga a soket ɗin bango ake jona su kai tsaye, wanda aka ja da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5. In fulogin ma yana zafi, a kira mai gyara ya duba, ƙila wani noti ne ya kwance a ciki.