Me ya sa allon manhajata yake sandarewa a taminal?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta wata 'yar manhaja da Python da laburaren curses a kan Linux. Tana nuna jerin kaya a taminal, tana kuma ɗauko sabon farashi daga saba duk bayan daƙiƙa 5. In na bar getch() yadda take, agogon da na sa a saman allo ba ya motsi sai na taɓa maɓalli. Da na sa nodelay(True) agogon ya gyaru, amma fankar kwamfutar ta kama kuka, caji yana zuba. Da na mayar da ɗauko farashin wani zaren aiki (thread) daban, mai gudana a gefe, sai allon ya riƙa cika da tarkacen haruffa. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ciwo ɗaya ne ya ɓullo maka ta wuri uku. Duk manhajar da ke zana allo a taminal tana tafiya ne a kan zagayen jira: ta jira wani abu ya faru, ta yi abin da ya kamata a kai, ta gyara allo, ta koma jira. Sharaɗin zagayen shi ne a yi jiran a wuri ɗaya tak, kuma a wannan wurin a saurari duk kafofin da labari zai iya shigowa ta cikinsu. Kai kana da kafa huɗu: maɓallai, agogo, amsar saba, da canjin girman taga. getch() kuwa ba ta sauraron agogo ko amsar saba.

Shi ya sa agogonka ya tsaya. A yadda aka gina ta, getch() tana kwantar da manhajar gaba ɗaya har sai wani bayit ya shigo daga kibod. Da ka sa nodelay sai ka faɗa ɗaya ramin: yanzu ba ta jira ko kaɗan, tana dawo da -1 nan take in babu komai, zagayenka kuma ya riƙa juyawa babu numfashi yana tambayar abin da babu. Buɗe top, manhajar da ke nuna aikin furosesa, ka duba, za ka ga manhajar ta riƙe kusan kashi 100 na ƙwayar furosesa ɗaya alhali ba ta aikin komai.

Gyara mafi sauƙi shi ne timeout(100). Ma'anarsa, a jira maɓalli na milisakan 100, in bai zo ba a dawo da -1. Manhajar za ta farka sau 10 a daƙiƙa, ta duba agogo, ta koma barci, kuma in an danna maɓalli ba ta jira lokacin ya cika. Ga ƙaramar manhaja irin taka wannan ya isa, kuma ba abin kunya ba ne. Illarsa kawai, amsar saba za ta iya zama tana jira har milisakan 100 kafin a lura da ita.

Hanyar da manyan laburare suke bi ta fi wannan tsafta. A Linux, kibod da soket (kafar magana da saba) da bututu (pipe, wanda ake rubutu a baki ɗaya a karanta a ɗayan) duk suna da lambar fayil, ta kibod ita ce 0. Sai ka miƙa wa select() ko poll() jerin lambobin nan tare da wa'adi, tsarin kwamfuta ya kwantar da manhajar har sai ɗaya daga cikinsu ta samu abin karantawa ko wa'adin ya ƙare. Wa'adin nan ba zaɓarsa ake yi da ka ba, lissafa shi ake yi. Ka ajiye jerin ayyukan da ke jiran lokaci, ka ɗauki mafi kusa, ka cire lokacin yanzu. In agogo zai motsa nan da milisakan 400, farashi kuma nan da daƙiƙa 3, wa'adinka 400 ne. Yi lissafin da time.monotonic(), kada ka yi da time.time(), domin agogon kwamfuta yana iya tsalle gaba ko baya idan an daidaita shi ta intanet, sai ka ga aiki ya maimaitu ko ya makara.

Idan select() ta ce akwai abu a kibod, a nan ne nodelay take da amfani. Kira getch() ka sake kira har ta ba ka -1, saboda ncurses, laburaren da curses ta Python ke zaune a kai, tana da ɗan rumbunta na ciki, kuma abin da ta riga ta kwasa ta ajiye a can select() ba ta ganinsa. Mai karanta maɓalli ɗaya a kowane zagaye yakan ga manhajarsa tana bin bayansa da taku ɗaya, musamman in an liƙa dogon rubutu a lokaci guda. Ka kwashe duka, ka sabunta bayanan da ke hannunka, sannan ka zana sau ɗaya.

Yanzu ga zaren. Tunaninka na fitar da aikin saba daga cikin zagayen daidai ne, domin duk abin da ya ɗau lokaci a ciki, allo ne zai biya. Mai shayi da ya bar tebur ya tafi sayo burodi da kansa ya tsayar da kowa. Yaro ake aika, amma yaron ba ya dawowa ya kama zuba wa mutane shayi, miƙa burodin yake ya koma gefe. Naka zaren ya dawo ya kama zane. ncurses ba a gina ta don zare biyu su taɓa ta lokaci guda ba. Abin da take aika wa taminal jerin umarni ne, kamar "kai alama layi na 5, gurbi na 12" sannan rubutu ya biyo baya. In umarnin wani zaren ya kutsa tsakiyar wannan, taminal ta karɓi rabin umarni, sauran kuma ta buga shi a allo a matsayin haruffa. Tarkacen da kake gani ke nan.

Ga yadda za ka tsara shi. Buɗe bututu da os.pipe(), ka sa bakin karantawarsa cikin jerin da select() ke saurare. Zaren aiki ya ɗauko farashi, ya saka shi a queue.Queue, ya rubuta bayit ɗaya a bututun. Wannan bayit ba ya ɗauke da komai, ƙwanƙwasa ƙofa ne kawai. Babban zare ya farka, ya karance bututun, ya kwashe abin da ke cikin queue.Queue ɗin, ya zana. Kada ka manta da karance bututun, in ba haka ba select() za ta riƙa dawowa nan take kullum, fanka ta koma kukanta. Sa wa buƙatar sabar wa'adi ita ma, kuma kada ka tura sabuwa alhali ta baya ba ta dawo ba. A layin intanet mai rauni, buƙatar da ake turawa duk daƙiƙa 5 tana iya ɗaukar 20, su taru, tsohon farashi ya iso bayan sabo ya rufe shi.

Laburaren da suka girma duk wannan suke yi a ɓoye. A urwid, MainLoop tana da set_alarm_in() don lokaci da watch_pipe() don bututun nan, tana kuma zana allo ne idan zagayen ya gama abin da ke gabansa. Textual tana zaune a kan asyncio, inda zaren waje ke miƙo saƙo ta call_from_thread(). A Bubble Tea ta yaren Go, aiki mai nauyi ana mayar da shi Cmd, ya gudana a gefe, ya dawo a matsayin saƙo zuwa Update. Amma asyncio ba ta hana sandarewa. Saka time.sleep(2) ko requests.get() cikin aikin async, allon zai daskare kamar yadda naka ya yi, domin zare ɗaya ne har yanzu.

Akwai wuraren da za ka ci karo da su nan gaba. Maɓallin kibiyar sama ba bayit ɗaya yake aikowa ba, uku ne, kuma na farkonsu 27 ne, daidai da na Esc. Da keypad(True) ncurses tana haɗa su, amma in ta ga 27 dole ta ɗan dakata ta ga ko wani abu zai biyo baya. Wannan jiran milisakan 1000 ne in ba a canza shi ba, shi ya sa Esc take nauyi. Rage shi da curses.set_escdelay(), wadda ta shigo a Python 3.9. Kamar 25 zuwa 50 yana yi a kwamfutar da ke gabanka, amma ta SSH mai jinkiri ka ƙara, kada kibiya ta rabe ta zama Esc da tarkace.

Canjin girman taga kuma sigina ce mai suna SIGWINCH. Da timeout() za ka same ta a matsayin KEY_RESIZE. Da select() taka kuwa akwai tarko: tun Python 3.5, idan sigina ta katse select() ana sake kiranta a asirce, don haka ba za ka farka ba sai an danna wani abu. Ka yi wa siginar rajista da signal.signal(), ka haɗa ta da wani bututu ta signal.set_wakeup_fd(), in ta zo ka karanta girman da os.get_terminal_size() ka miƙa wa curses.resizeterm().

In kana da taga fiye da ɗaya, kira noutrefresh() a kan kowace, sannan curses.doupdate() sau ɗaya a ƙarshen zagaye, allon zai daina ƙiftawa. Ka kuma sani cewa getch() da kanta tana sabunta tagar da aka kira ta a kai in an taɓa tagar, abin da kan sa stdscr, babbar tagar allo, ta shafe ƙananan tagogi ba tare da an ce mata ba.

Tunda sunayen kayanka za su iya zama da Hausa: a UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, 198 da 153, haka ɗ da ɓ biyu-biyu ne, getch() kuma ɗaiɗai take miƙo su. Kira locale.setlocale(locale.LC_ALL, "") tun farko, ka koma get_wch(), wadda ke haɗa su ta ba ka cikakken harafi. Ita ba ta dawo da -1 in babu komai, curses.error take jefawa, sai ka tare ta. Ka kuma naɗe manhajar cikin curses.wrapper() domin taminal ta koma daidai ko da manhajar ta faɗi a tsakiya. In ta riga ta rikice har ba ka ganin abin da kake bugawa, rubuta reset ka danna Enter.