Lambar P0401 a tsohuwar a-kori-kura: me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Ford F-150 ƙirar 2000, inji 4.6 mai filogi takwas, ina dakon kaya da ita. Fitilar inji ta kama, aka sa kwamfuta ta nuna P0401. Bakanike ya ce bawul ɗin EGR ne ya mutu. Sabo zan saya ko na Beljiyam? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. P0401 ba ta ce bawul ya mutu ba. Cewa ta yi hayaƙin da ake mayarwa cikin inji bai kai yadda kwamfutar motar take so ba, kuma a irin motarka bawul ɗin ne na ƙarshen zargi.

Aikin EGR shi ne ya ɗebo ɗan hayaƙi daga salansa ya mayar da shi hanyar shan iska, don ya rage zafin ƙonewar mai, domin idan zafin ya haura digiri 1,370 a ma'aunin Celsius iskar guba ta NOx tana yawaita. Bawul ɗin a rufe yake lokacin sulo, da lokacin da inji bai yi zafi ba, da in an taka totur har ƙasa. Sai ana tafiya daidai-wa-daida yake buɗewa. Wanda ke gaya wa kwamfuta ko hayaƙin na wucewa kuwa wani ɗan sensa ne mai suna DPFE, mai wayoyi uku da tiyo biyu da suka taso daga bututun EGR.

Ka fara da waɗannan tiyo biyun, ba ko sisi. Zafi yana tsattsaga su, kunkunniya da ruwa suna toshe su. Idan kwamfuta ta haɗa da P1405 ko P1406, to tiyon take nufi kai tsaye. In za ka canja, ka nemi na asali mai jure zafi, don tiyon fetur narkewa zai yi. Faɗinsu ba ɗaya ba ne, kada a juya su. Idan kuma ana sawa suna fizgewa da kansu, a duba tukunyar tace hayaƙi ta salansa, wadda makanikai ke kira Indomi, wataƙila ta toshe tana maido da iska baya.

Sai gwajin da yake raba gardama. A bar inji ya yi zafi yana sulo, a zare siririn tiyon da ke kan bawul ɗin EGR, a sa wani mai tsabta a zuƙe iskar da famfon hannu ko babban sirinji. Idan inji ya shiga karkarwa ko ya mutu, bawul lafiyarsa ƙalau, hanya ma a buɗe take. Idan zuƙar ba ta tsayawa, robar cikin bawul ta yage, nan ne sayen bawul ya zama dole. Idan kuwa zuƙar ta tsaya amma inji ko gezau, to galibi hanya ce ta toshe, kuma wannan ciwon injin 4.6 ne da aka sani. A bayan bakin totur akwai wani lanƙwasasshen wuya na alminiyam mai ƙananan ramuka da hayaƙin ke fitowa ta ciki. Kunkunniya tana haɗuwa da tururin baƙin mai ta daskare a wurin, har ka duba ka rantse babu rami. A kwance wuyan gaba ɗaya a fito da shi, a cusa tsumma a bakin manifol, wato hanyar shan iskar inji, kada datti ya faɗa ciki, a ƙwaƙule ramukan da waya mai ƙarfi, a wanke da feshin wanke kafireta har haske ya riƙa ratsawa. Gwangwani ɗaya ko biyu ya isa. A sa sabon gasket, kuma kada feshin ya taɓa robar bawul. Babban notin bututun EGR yana cijewa da tsatsa, a jiƙa shi da man sassauta tsatsa tun dare, a kwance shi inji na sanyi.

Idan inji ya yi karkarwar da ake so, sai a koma kan sensan DPFE da mitar auna wuta. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba: waya ɗaya ta ba da volt 5, ɗaya nagetif ce, ta ukun kuma ita ce mai kai saƙo, wajen volt 0.5 a tsohon sensa na alminiyam, wajen volt 1 a na baƙar roba. A tayar, a sake zuƙar bawul. Ya kamata lambar da mita ke nunawa ta haura zuwa volt 3 ko 4. Idan ta tsaya cik, sensa ya mutu. Damshin hayaƙi ne ke cin cikinsa.

A nan ne maganar sabo da na Beljiyam take shigowa. Bawul ƙarfe ne, na hannu ma yana yi, muddin ka gwada shi a gaban mai shago a Ƙofar Ruwa: ka zuƙa, sandar ciki ta ɗaga ta tsaya, ka saki ta koma ta rufe ruf. Amma sensa kam ban yarda a sayi tsoho ba, domin shekarunsa ɗaya da wanda ka cire kuma ba a gane lafiyarsa da ido. Ka nemi sabo, Motorcraft na kamfanin Ford in da hali, ka tafi da tsohon a hannu saboda soket ɗin ya dace. In duk waɗannan sun fita lafiya, saura solonoyid ɗin da ke tura zuƙa zuwa bawul da siraran tiyonsa.

Bayan gyara a goge lambar, amma kada ka yi murna a ranar. Wannan lamba sai kwamfuta ta ga matsalar a tafiya biyu a jere take kunna fitila. Ka ba ta kwana biyu zuwa uku kana hawa babban titi.

Tambaya: Tawa Toyota Tacoma ce mai inji 2.7, lambar iri ɗaya. An ce kawai in sa a toshe EGR da faranti in huta. Akwai illa? Daga Kaduna.

Amsa: Akwai, Alhaji. Fitilar ba za ta mutu ba, ran da wata matsala mai tsanani ta zo ba za ka sani ba. Sannan kwamfuta tana tsara lokacin wutar filogi ne da tsammanin hayaƙin na shiga. In babu shi, ga zafin watan Afrilu ga kaya a baya, sai ka ji inji na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma wannan ƙarar fistin take ci. Faranti yana da amfani ne idan bawul ya maƙale a buɗe mota na mutuwa a sulo, a toshe a kai gida.

Toyota ba ta da DPFE. Nata abin zargin shi ne wani ɗan faifai kusa da bawul mai daidaita zuƙa. Buɗe murfinsa, in audugar ciki ta yi baƙi ƙirin, robarsa ta fashe, a canja shi. Sai makunnin zuƙa na VSV, wanda mita za ta nuna wajen ohm 30 zuwa 40 yana sanyi. Wani yakan ba da lamba daidai da safe ya ƙi aiki in ya ɗau zafi, don haka a gwada shi sau biyu. Sensan zafin hayaƙi kuma, wanda ke gaya wa kwamfuta ko hayaƙin na wucewa, sau da yawa goge kunkunniyar bakinsa kawai yake so.

Tambaya: Na gaji da biyan kuɗin sa kwamfuta. Wace na'ura zan saya?

Amsa: Ƙaramar ELM327 da ke haɗuwa da wayar hannu ta wadatar. Duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Sai dai Ford na wancan zamani da tsarin J1850 PWM take magana, kuma da yawa daga masu arha, musamman masu rubutun v2.1, ba sa jin sa. Ka je da motar, a jona, ka ga ta karanta lamba da zafin ruwa da juyin inji kafin ka biya. Tsofaffin Hilux masu shan gas da ba ta Amurka suka biyo ba, wasunsu ba sa amsa irin wannan na'ura sam, sai ta Toyota.