Amsa: Faɗin nasarori a takardar neman aiki ba tare da cika baki ba

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka faɗi nasarorinka ba tare da zuzuta kai ba. Bi takardarka layi-layi da tambaya uku: me aka yi, ku nawa kuka yi, wane ɓangare ne naka? Aikin mutum biyar, rubuta "mun yi", sannan ka fayyace rabonka. Adadin da ba ka da shaidarsa, cire shi.

Wurin ganawa asiri ke tonuwa. Za a ce ka zayyana matakan aikin dalla-dalla, wace matsala ta taso, yaya aka warware ta. Wanda ya ƙara gishiri nan yake fara inda-inda, domin bai riƙe aikin da hannunsa ba. Sau da yawa kuma akan kira tsohon shugabanka a ji ta bakinsa.