Amsa: Zanen ƙididdiga ya ɓace bayan na tura rahoto daga Access zuwa Word

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka haɗa rahoto mai ɗauke da zanen ƙididdiga a Access, wato manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, da ka tura shi Word sai rubutu da alƙaluma suka fito, gurbin zanen kuwa wayam. Kwantar da hankalinka, kwamfutarka ƙalau take. Maɓallin Word ɗin da ke ƙarƙashin External Data fayil ɗin RTF (wani tsarin fayil na rubutu) yake fitarwa, kuma rubutu kawai yake kwasowa ya bar zane a baya. Ko sau goma ka maimaita, haka za ka gani.

Na daɗe ina haɗa rahoton wata-wata daga rumbun bayanai, kuma na sha wuya da wannan kafin in gane bakin zaren. Idan sau ɗaya kake bukatar zanen, fitar da rahoton a PDF, ka ƙara girmansa sosai a allo, ka danna Windows da Shift da S ka yanko shi ka manna a Word. Idan ka yanko shi yana ƙarami, dishi-dishi zai fito a takarda.

Amma in aikin kowane wata ne, shawarata ka daina ƙoƙarin ɗauko zanen daga Access. Alƙaluman za ka ɗauko. Buɗe Excel, shiga Data, sannan Get Data, ka nuna masa fayil ɗin Access ka zaɓi Query ɗin, wato tambayar da ka tsara a Access, da ke tara maka lissafin. Zana abinka a can. Wata mai zuwa Refresh All kawai za ka danna, ginshiƙan su miƙe ko su rage tsawo da kansu.

Inda nake so ka nutsu shi ne wajen mannawa a Word, domin nan na taɓa ƙonewa. Zaɓin Embed Workbook ba zanen kaɗai yake sakawa ba, littafin Excel ɗin gaba ɗaya yake cusawa cikin takardar. Na taɓa aika wa wasu rahoto haka, washegari abokin aikina ya kira ni gaban allonsa, ya danna Edit Data a kan zanen. Sai ga shafin da na ajiye sunayen abokan hulɗarmu da lambobin wayarsu ya buɗe, layi bayan layi. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Amanar mutane ce, ga shi na riga na aika.

Tun daga ranar, muddin takarda tana hannuna ina gyara, Link Data nake zaɓa, don duk canjin da na yi a Excel ya biyo ta. Sai dai in ka sauya wa fayil ɗin folda ko suna, igiyar ta tsinke, zanen ya tsaya a kan tsofaffin alƙaluma. Takardar da za ta fita waje kuwa, hoto zalla nake sa mata: Paste Special, sannan Enhanced Metafile. Ko ka ja shi ya cika shafi, rubutun jikinsa ba ya fashewa. In ka san a waya ko Google Docs za a buɗe ta, hoto nau'in PNG ya fi aminci. Ka kuma sani Word yakan matse hotuna zuwa ɗigo 220 a inci ɗaya. Ana hana shi a Options, ƙarƙashin Advanced.

Bar zanen a In Line with Text don kada ya riƙa tsalle tsakanin shafuka. Sannan ka faɗa mana wane Access kake amfani da shi, domin daga na 2019 aka kawo sabon salon zane, kuma matakan kwafarsa sun bambanta da na tsohon.